Takalmi Mai Yatsu Biyar: Amsar Tambayar Wani Ɗan Kasuwa

Ga wata mas'ala da aka kawo mini har zaure. Na ga ya kamata in ba da amsarta a bainar jama'a, domin ba mai tambayar kaɗai abin ya shafa ba.

Wata ranar Laraba a ƙarshen rani, sa'ad da a ke sharar gona da kai taki, bayan la'asar almajirai suna wanke alluna, sai ga wani Alhaji, abokin karatuna na ƙuruciya, wanda ya ajiye allo tun muna samari ya kama sayar da takalman gwanjo a Ƙofar Wambai. Da muka gama gaisawa ya buɗe jaka ya fito da wani abu ya ajiye gefen buzu. Yara suka leƙo. Wani ya ce ƙafar biri ce, wani ya ce ta kwaɗo. Na tsawata musu, amma ni kaina ina danne dariya, gama abin takalmi ne wanda aka yi wa kowane yatsa aljihunsa dabam, kamar safar hannu. Ƙasansa roba ce siririya wadda kaurinta bai wuce milimita 3 ko 4 ba, bisansa ƙyalle, ba shi da tudun dunduniya, kana iya naɗe shi ka jefa aljihun riga.

Alhaji ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tambaya biyu na zo da ita. An yi mini tayin dila guda ta irin wannan da araha. Mai dilar ya ce a wurin Turawa maganin ciwon gwiwa ne da na baya, wanda ya sa shi kamar yana tafiya ba takalmi ne. Ina so in kai kasuwannin Ɗambatta da Bichi da Kunchi, inda mutane su ke tafiyar ƙasa. In saya ko in bari? Ta biyu, tun da ya ke yana da wuyar tuɓewa, ko ya halatta a yi shafa a kansa wajen alwala kamar huffi?"

Na ce, "Alhaji, ta biyun tana cikin littafi. Ta farin kuwa tana ƙasa, sai an taka. Bar mini shi kwana arba'in."

Ya bar mini ƙafa ɗaya da ta yi mini daidai. Na sa ɗana na biyu, wanda ya yi boko har jami'a, ya binciko abin da aka rubuta game da shi, yana fassara mini bayan lisha, da rana kuwa ina takawa.

Asalin takalmin nan daga ƙasar Italiya ya ke. Kamfanin da ya yi shi sunansa Vibram, wanda wani mahayin duwatsu, Vitale Bramani, ya kafa a 1937, bayan abokan hawansa shida sun halaka a kan dutse a 1935, aka ɗora wani sashe na laifin a kan takalmansu. Watau kamfanin da ya yi suna da yin ƙasan takalmi mai kauri da haƙora domin tsare rai, shi ne a 2005 ya fito da wannan mai yatsu, ya sa masa suna FiveFingers. Da fari masu wasa da jiragen ruwa aka nufa da shi, don kada santsi ya kwashe su. Bai zama abin yayi ba sai a 2009, da wani ɗan jarida na Amurka, Christopher McDougall, ya wallafa littafi mai suna Born to Run. A ciki ya ba da labarin wata ƙabila, Raramuri, mazauna kwazazzaban arewacin Meziko, waɗanda su ke gudun yini guda cikin duwatsu ba su san takalmin kanti ba. Daga nan dubban mutane a Amurka da Turai suka yar da takalmansu na gudu masu laushi, suka riƙa biyan wajen dala 100 domin su sayi wannan.

Na tambayi yaron, to su Raramurin me su ke sawa? Ya nuna mini hoto a waya. Jama'a, takalmin taya ne! Tsohuwar tayar mota aka yanka daidai tafin ƙafa, aka huda, aka zura igiyar fata. Irin wanda duk mai kiwo da mai jaki a ƙasar nan ya sani. Har a 2017 wata mace daga cikinsu, Lorena Ramirez, ta ci tseren kilomita 50 cikin tsaunukan jihar Puebla da irin takalmin nan a ƙafarta, tana sanye da fatarinta, ta bar masu kayan tsada a baya. Na ce ashe abin da mu ke jin kunyar shiga birni da shi, shi ne ya ta da hankalin Amurka.

Amma kada mu yi saurin yi musu dariya, domin akwai gaskiya a cikin maganarsu, kuma gaskiyar ta shafe mu. Masu ilmin jiki sun ce a ƙafa ɗaya akwai ƙashi 26 da gaɓa 33, da tsoka da jijiyoyi fiye da 100. Duk wannan ba a halicce shi don a ɗaure shi cikin akwati ba. Gaɓar da aka hana ta aiki kuwa mutuwa ta ke yi a tsaye, kamar yadda kowa ya ga hannun da ya daɗe cikin karan ɗori ya kan fito a shanye. Turawa sun yi zamani bayan zamani cikin takalmi mai tsukakken baki, tun daga wajen 1970 kuma aka ƙara wa na gudu katifa a dunduniya. Yatsu suka haɗe, babban yatsa ya karkace, tsokar tafin ƙafa ta yi rauni. A 2010 wani shehin malami na jami'ar Harvard, Daniel Lieberman, da abokan aikinsa suka auna gudun mutane a Amurka da Kenya. Suka tarar wanda ya tashi ba takalmi ya fi sauka a kan gaban ƙafa, agara da sharaɓa su shanye nauyin, alhali mai takalmin katifa yana dira da dunduniya, bugun ya haura ƙwauri. A 2021 kuma aka gwada a Ingila, mutanen da suka yi wata shida suna harkokinsu cikin takalmi marar kauri, ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da fiye da rabi.

Wannan ban bukaci Bature ya gaya mini ba. Ina da shekara goma sha ɗaya malaminmu, Allah ya jiƙansa, ya ɗebe mu zuwa gabas ci-rani. Inda aka sami mota a hau, inda babu a taka, mun kuwa taka da yawa tsakanin Gumel da Haɗeja da Nguru, allo a rataye, ƙwarya a ka. Rabinmu ba takalmi. Na tuna yadda ƙafafunmu su ke a lokacin: faffaɗa, yatsu a baje kamar na agwagwa, har yaro ya kan ɗauki tawadar da ta faɗi da yatsun ƙafa. Marar takalmi ba ya dogon taki, ba ya buga ƙasa, idonsa yana gaba da shi taki uku, ƙafarsa tana karanta hanya kamar yadda makaho ya ke karanta ta da sanda. Kantar da ke tafinmu ba ta hana mu jin ƙasa ba. Shi ma wannan an auna shi: a 2019 su Lieberman ɗin suka bayyana cewa kanta, kome kaurinta, ba ta rage jin tafin ƙafa, amma katifar takalmi tana ragewa. Ban tuna ɗayanmu ya yi targaɗe a tafiyar nan ba. Abin da na tuna shi ne faso mai jini da hunturu, da zaman cire ƙaya da allura kowace maraice.

Saboda haka ran da na fara sa takalmin Alhaji na fita bayan gari, na ji wani abu da na manta shekara talatin. Na ji sanyin rairayin safe, na ji kowace kunya ta gona, na ji yatsuna suna kama ƙasa. Ba nauyi ko kaɗan. Daɗin abin ya ɗebe ni, rana ta uku na ce ba zan hau babur ba, na taka zuwa ta'aziyya wani ƙauye, tafiyar wajen awa biyu, na kuma dawo a ƙasa. Da asuba na kasa miƙewa. Sharaɓata ta ɗaure kamar dutse, agara tana zafi, bisan ƙafar dama kuma ya kumbura. Kwana biyar ina sallar nafila a zaune, uwargida tana gasa mini da ruwan zafi tana faɗin abin da ta ga dama. Ni da na taka gabas ba takalmi! Ashe ƙafar da ta je Nguru ba ita ce a jikina yau ba. Shekarun sau-ciki da babur da zaman buzu sun karɓe ta, ban sani ba.

Abin da ya same ni shi ya sami Turawa, nasu ma ya fi muni domin su gudu su ke yi a kan kwalta. A 2013 a jami'ar Brigham Young ta Amurka aka ɗauki 'yan gudu 36, aka ba 19 takalmi mai yatsu su saba da shi cikin mako goma, sauran suka zauna kan nasu. Da aka ɗauki hoton cikin ƙashinsu, sai aka ga 10 daga cikin 19 ɗin nan ƙasusuwan ƙafarsu sun nuna alamar rauni, biyu ma ƙashin ya tsage, alhali a ɗaya ɓangaren mutum ɗaya ne kawai. A shekarar nan kuma wani mai bincike, Kevin Hatala, ya auna mutanen Daasanach na arewacin Kenya, waɗanda ba su sa takalmi, ya tarar yawancinsu da dunduniya su ke sauka in suna gudu a hankali. Ka ga ke nan ko marasa takalmin ba taki ɗaya gare su ba. Sa'an nan aka kai kamfanin ƙara a Amurka bisa cewa ya yi tallar lafiyar da ba shi da hujjarta. A 2014 aka yi sulhu, ya yarda ya ajiye dala miliyan 3.75 a mayar wa masu saye, ya kuma daina cewa takalmin yana ƙarfafa tsoka ko yana rage rauni sai in ya sami hujja, ko da ya ke bai amsa laifi ba. To, Alhaji, maganar da mai dila ya gaya maka, masu takalmin da kansu sun janye ta a gaban alƙali. Kada ka ɗauke ta ka kai Kunchi da bakinka, gama sayar da kaya da siffar da ba a tabbatar ba, kai ma ka san sunansa a littafi.

Masu son abin su kan kafa hujja da Abebe Bikila, sojan Habasha wanda ya ci gudun fanfalaki na wasannin Olimfik a birnin Rum a 1960, kilomita 42 da 'yan kai, ƙafarsa ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Gaskiya ne. Sai dai su kan tsaya nan, ba su ƙarasa ba. A 1964 a Tokyo ya sake ci, wannan karon da takalmi, cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11. Mutumin ne ke da gudu. Yayin ma ya juya tun tuni: a 2019 Eliud Kipchoge na Kenya ya yi wannan nisa ƙasa da awa biyu a Biyana da takalmi mai kaurin gaske, har a 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kada ƙasan takalmin tseren hanya ya wuce milimita 40. Ɗan kasuwa ya lura da wannan. Kayan da aka yi wa araha a dila, sau da yawa can inda ya fito an gama yayinsa ne.

Da ƙafa ta warke na koma gwaji a hankali, rabin awa yau, gobe hutu. A nan ne ƙasarmu ta ba da nata hukunci, wanda ba ya cikin takardun da yaron ya karanta mini.

Ku dubi irin ƙasar da mu ke takawa daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Makoɗa. Ba daji ba ne, gona ce ta haɗu da gona, ba saura, hanya kuwa 'yar siririya ce tsakanin kunya da kunya, ko burtali. Itatuwan da aka bari a gonakin, gawo da aduwa da bagaruwa da magarya, kusan duk masu ƙaya ne. Tsidau bai huda robar ba, na yaba mata a nan. Ƙarangiya kuwa ta mayar da ƙyallen bisa kamar bushiya, har tsakanin aljihunan yatsu, inda hannu ba ya shiga sai da tsinke. Ƙayar aduwa ta same ni sau biyu, ba ta ƙasa ba, ta tsakanin babban yatsa da mabiyinsa, inda roba ta ƙare ƙyalle ya fara. Tushiyar dawa da aka sare a karkace tana nan tsaye kamar mashi, in ka yi tuntuɓe da ita ƙaramin yatsa shi kaɗai zai karɓi bugun, tun da an ware shi daga 'yan'uwansa. Rairayi yana shiga, kuma ba ya fita. Mai takalmin taya in tsakuwa ta shiga sai ya karkaɗa ƙafa ya wuce, ni kuwa sai na nemi inuwa na zauna. Da bazara ta kama sosai, zafi ya haura digiri 40, na taka jigawa da azahar, robar nan siririya ta ɗauki zafi ta riƙe, ga ƙafa a kulle cikin gumi.

Mafi muni shi ne taki. Kowa ya san albarkar gonakin kewayen Kano daga taki ta ke, tun zamanin da jakai su ke shiga birni da itace su fito da shara a mangala. Amma sharar da, toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Ta yau da tifa ke juyewa a bakin gona cike ta ke da fasassun kwalabe, da ƙusoshi, da reza, da gwangwani, har da alluran asibiti. Robar milimita 4 ba ta tsare ƙusa. Da damina kuma, lokacin da kububuwa da kunama su ke cikin ciyawa, ƙyalle ba garkuwa ba ne, mai noma a fadama takalmin ruwa mai dogon wuya ya ke bukata.

Wuri ɗaya na ga ya yi fice, don kada in zalunce shi. Na je birni na hau Dala da shi, na kuma gwada a kan wani fa a hanyar Kazaure. A kan dutse tsirara yana kamawa kamar tafin ƙadangare, ƙafa tana lanƙwasa tana bin dutsen, ba silifa ko sau-ciki da zai yi haka. Wanda sana'arsa ko sha'awarsa hawan dutse ne, ba da kaya mai nauyi a ka ba, zai ji daɗinsa. Mu kuwa duwatsunmu ƙidayayyu ne.

Sai mas'ala ta biyu, wadda ita ce ta fi sauƙi. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya ke a Muhtasar na Shehu Halil da sharhohinsa, huffin da a ke shafa a kansa sai ya zama na fata, mai tsarki, ɗinkakke, ya rufe idon sawu, a iya tafiya da shi, a kuma sa shi bayan cikakkiyar alwala ta ruwa. Wannan ba fata ba ne, bai kuma kai idon sawu ba. Ba shafa a kansa, sai a tuɓe a wanke ƙafa. Daga nan wahalar ta ke farawa. Wanda ya ƙago takalmin nan bai yi lissafin mutumin da ke wanke ƙafa sau biyar a yini ba. Ka gwada zura jiƙaƙƙun yatsu biyar cikin aljihu biyar a ƙofar masallacin kasuwa, mutane suna turereniya a bayanka! Ƙaramin yatsa ba ya shiga nasa sai ka kama shi da hannu kamar mai sa akuya a turke. Kuma mu ba don salla kaɗai mu ke tuɓe takalmi ba. Za ka hau tabarma, za ka shiga zauren malam, za ka gai da hakimi ko suruki, duk sai ka tuɓe. Na ƙidaya wata rana, sau goma sha bakwai na tuɓe. Damshin da ke zama tsakanin yatsu kuwa shi ne gidan cin-ruwa, warin da ya ke yi bayan mako guda kuma ba zan siffanta shi a wannan fili ba.

Akwai masu cewa kakanninmu ba su san takalmi ba sai da Turawa suka zo. Wannan jahilci ne. Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta tun wajen 1526 cewa dukawan Gobir suna yin takalman da a ke kaiwa Tumbutu da Gao. Bature Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya sauka Kano a 1851 ya yaba kyan ɗinkin takalman garin, ya ce a kan kai su ƙasashe masu nisa, mafi kyau wuri 200, ya kuma ƙiyasta cinikinsu a shekara wuri miliyan goma. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro, da alhazan da suka taka ta Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, da faɗe suka yi tafiyarsu: shimfiɗaɗɗe, marar tudu, mai faɗin gaba, yatsu a sake suna shan iska. Mu almajirai mun kuma san Imamu Tirmizi ya buɗe babi guda a Shama'il a kan takalmin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na jemammiyar fata ne mai maɗauri biyu, har Shehu Ahmad al-Makkari, wanda ya rasu a 1632, ya wallafa littafi sukutum a kansa. Duk abin da Turawan nan su ke nema, watau ƙasa shimfiɗaɗɗiya da yatsu a sake, yana cikin faɗe tun fil azal, ba tare da aljihu biyar ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ƙi amsa wa Alhaji a zaure na kawo maganar nan. Shekara huɗu da suka wuce wani almajirina ɗan shekara tara ya taka ƙusa a gonar da aka zuba takin birni. Silifansa ya tsinke tun mako biyu kafin nan, na gani, na ce sai ran kasuwa. Aka cire ƙusar, aka gasa wurin, aka shafa man kaɗanya, bakin ciwon ya rufe. Bayan kwana takwas yaron ya kasa buɗe baki ya sha koko. Haƙora suka sarƙe, wuya ya sandare, ko ƙofa aka buga sai jikinsa ya ɗauki karkarwa ya bankare. Muka kai shi asibiti a birni. Likita ya ce tetanas ne, ƙwayar cutar a cikin ƙasa da kashin dabbobi ta ke zaune, rami mai zurfi mai ƙaramin baki shi ta fi so, kuma da an kawo shi ran da ya taka an wanke an yi masa allura, da wuya abin ya kai haka. Kwana ashirin da uku muka yi. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ban manta fuskar mahaifinsa ba sa'ad da ya iso daga ƙauye, bai ce mini kome ba sai godiya. Amana ya ba ni, na tsaya jiran ran kasuwa. A zaman nan ne kuma wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mini akwai tsutsar da ke shiga ta fatar ƙafa daga damshin ƙasa inda a ke bayan gida, ta zauna a hanji tana shan jini, ita ce ke sa wadansu yara su yi fari fat, su kasa riƙe karatu.

Saboda haka ina jin tsoron labarin nan na Turawa ya iso tsangayu a karkace, wani ya ce ai ga shi likitocin Amurka sun ce rashin takalmi lafiya ne. Bature mai takalmi goma ya zaɓi ya rage kauri, a kan hanya sharariya, da allurar rigakafi a jikinsa, da likita kusa. Yaron da ke bin kwararo da kwano bai zaɓi kome ba. Haka kuma dattawanmu masu ciwon suga, waɗanda ƙafarsu ta daina jin zafi: irin su ƙaya ta kan kwana a tafinsu ba su sani ba, har abin ya kai ga yanke ƙafa. Su kam ko tsakar gida kada su taka ba takalmi, kuma wannan mai yatsu ba nasu ba ne ko kyauta aka ba su.

Da kwana arba'in suka cika Alhaji ya dawo. Na ce masa kada ya sayi dilar. In yana so ya ɗauki ƙafa goma ko ashirin ya ajiye a shago saboda samarin birni masu motsa jiki da safe wajen filin wasa na Ƙofar Mata, to, da sharaɗin ya gaya wa kowane mai saye gaskiya: ba magani ba ne, a fara da tafiya kafin gudu, 'yan mintoci a kan ƙasa mai laushi, a yi watanni ana ƙarawa kaɗan kaɗan, in bisan ƙafa ya yi zafi ko ya kumbura a tsaya a nemi likita. Wanda ya ke son ƙarfin ƙafa ba da ko kwabo ba kuwa, ya share tsakar gidansa ya riƙa takawa ba takalmi safe da maraice.

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To Malam, kuɗin da na ware fa?"

Na ce, "Almajiraina arba'in da uku ne, Alhaji. Goma sha shida ba su da kome a ƙafa, sauran silifa ne ɗaure da waya."

Ya yi dariya ya ce ya zo neman fatawa an yanka masa tara. Ran kasuwa muka kira wani dattijo mai yanka takalmin taya. Na roƙe shi abu uku: ya faɗaɗa gaba yadda yatsu za su baje, kada ya yi tudu a dunduniya, ya sa maɗauri ta baya wanda yaro zai zare da yatsa ɗaya a ƙofar masallaci. Ya dube ni ya ce, "Alaramma, ai tun ina yaro haka na ke yi, sai dai maɗaurin bayan ne ƙari." Ya shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙofar zaure, yara suka yi layi, kowa ya ɗora ƙafa ya zana da gawayi. Da ya zo kan yaron nan da ya taka ƙusa, ya ga tabon, ya ce wannan sai a yanka masa daga tsakiyar taya, inda ta fi kauri.